Don Allah Mu Daina Kai Waya Wajen Mai Faci A Busa Mata Iska



Yau ba darasin rage cin data ko saita WhatsApp na zo da shi ba. Wata ɗabi'a ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma abin da ya faru a shagona ranar Lahadin da ta wuce ne ya sa na ce bari dai in rubuta. Zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Duk wanda ya san Illela ya san yadda Lahadi take. Ranar kasuwa ce, motocin shanu na shiga na fita, mutanen Kwanni da na Tawa sun tsallako, ƙura kuwa har cikin haƙora. Wajen azahar sai ga wani dattijo, dillalin dabbobi, ya shigo yana gumi, ya ɗora wayarsa a kan teburina.

Ya ce, "Yaro, duba min wagga waya. Ni ina jin mutane, su ba su ji na."

Na ce, "Baba, faɗuwa ta yi ko ruwa ta shiga?"

Ya ce, "Ko ɗaya. Caji ne ba ta kamawa, yara sunka kai ta wurin mai faci anka busa mata iska. Caji ya dawo, magana ta tahi."

Da na buɗe ta, abin da na zata shi na gani. Maik ya mutu. A kan ƙaramin fanel na ƙasa akwai wani ɗan danshi mai maiƙo, launin ƙasa-ƙasa, ga ƙura ta dunƙule a bayan ragar lasifika. Bawan Allah yana jiran kiran mai sayen shanu daga kudu, ga shi ana kira yana ɗauka yana ta "halo, halo" ba a jin sa. Na canza masa fanel ɗin ƙasa gaba ɗaya. Ya biya ninkin-ba-ninkin abin da zai biya da wankin bakin caji kawai ya kawo, ya kuma yi asarar kusan awa biyu a tsakiyar cin kasuwa.

Kafin wani ya ce ina yi wa mutane dariya, ni ma na yi. Lokacin ina yaron shago, da ƙafata nake kai wayoyin kwastomomi wajen mai facin da ke kusa da mu, ina ganin dabara ce. Wasu su tashi, wasu kuma su dawo bayan sati biyu da wata sabuwar cuta, mu ce ai wayar ce ba ta da kyau. Sai daga baya na gane mu ne muke kashe su.

MATSALAR TANA CIKIN ISKAR

Yawancinmu muna ɗauka iska ai iska ce, ba ta da datti tunda ido ba ya ganin komai. Iskar da ke fitowa daga tiyon mai faci kuwa tana ɗauke da abubuwa uku, kuma duk ukun abokan gabar waya ne.

1. RUWA

Wannan shi mutane suka fi mamaki. Ina ruwa a cikin injin iska? Ga lissafin. Iskar da muke shaƙa kullum tana da tururin ruwa a ciki. Idan zafi ya kai digiri 30, mita ɗaya ta iska, wato tsawo da faɗi da zurfi duk mita guda, ba za ta iya riƙe ruwan da ya wuce kusan giram 30 ba. A watan Agusta, in danshi ya kai kashi 80 cikin 100, tana ɗauke da kamar giram 24.

Aikin kwamfiresa shi ne ya matse iska. Idan gejin tanki ya nuna ba 7, an cusa iskar mita 8 ke nan a gurbin mita ɗaya. Ruwan da ke ciki ya zama giram 192, alhali wurin giram 30 kawai zai iya riƙewa in tankin ya huce. Sauran giram 160 ɗin fa? Ya koma ruwa sosai, ya kwanta a gindin tanki da cikin tiyo. Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan na ledar fiya wata. Ƙaramin inji mai zuƙar lita 200 a minti, cikin minti 40 na aiki ya tara wannan. To wanda ke aiki daga safe zuwa dare fa?

In ba ka yarda ba, je ka roƙi mai faci ya kwance ɗan famfon da ke ƙarƙashin tankinsa. Za ka ga ruwa ja, mai tsatsa, yana tsiyaya. Ɗigon irin wannan ne ake harba wa wayarka.

2. MAI

Yawancin injinan da ke bakin titi masu fistin ne, da baƙin mai suke aiki kamar injin babur. In zoben fistin ya fara cinyewa, mai yana haurawa ya bi iska kamar feshin turare. Shi ruwa ko banza yana bushewa. Mai ba ya bushewa, yana zama ne a kan ƙafafun bakin caji da ragar lasifika, duk ƙurar da ta zo wucewa ta manne. Shi ya sa wayar da aka busa sau ɗaya take saurin sake toshewa.

3. ƘURA DA TSATSA

Injin yana zuƙar iska ne daga inda yake zaune, wato bakin titi, gefen tireloli da hayaƙin janareta. Da yawa filtar bakinsu ta yage ko ma an cire ta an yar. Ga tsatsar cikin tankin kanta tana ɓarewa tana bin tiyo. Da damina ruwa ne ya fi yawa. Da hunturu danshi yana raguwa sosai, sai ƙura ta karɓi aiki, wannan farar ƙurar mai laushi da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ka ga kowane lokaci na shekara da nasa rabon.

SANNAN GA ƘARFIN ISKAR

Ko da iskar tsarkakakkiya ce, ƙarfinta kaɗai ya isa ɓarna. Tayar ƙaramar mota tana shan abin da bai fi 30 zuwa 35 ba a gejin mai faci. Tankinsa kuwa yana haura 100, wanda ke yi wa manyan motoci aiki ma ya fi haka. A Amurka, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta OSHA ta hana a yi shara da matsattsiyar iska sai an rage ƙarfinta ƙasa da 30, kuma sai da kariyar ido. Wannan fa a ma'aikatar da ake kakkaɓe ƙarafa ke nan.

Yanzu dubi wayarka. Wannan ɗan ramin da ke kusa da bakin caji, a bayansa maik yake. A cikin maik ɗin akwai wata 'yar fata wadda faɗinta bai fi milimita ɗaya ba, siririnta kuma ya fi gashin kai nesa ba kusa ba. An yi ta ne don ta motsa da sautin muryarka, har raɗa tana kamawa. Sai ka saita mata iskar da ke tayar da tayar tirela. Kamfanonin da ke ƙera irin wannan maik ɗin da kansu suna gargaɗin kada a busa masa matsattsiyar iska.

Bakin caji na Type-C kuma ƙafafu 24 gare shi, tsakanin kowace da 'yar uwarta rabin milimita ne kacal. Ɗigon ruwa mai tsatsa ɗaya ya isa ya haɗa uku ko huɗu. Ka jona caja, wuta ta bi ta kai, sai kore-koren nan ya fara cin ƙarfen a hankali. Ba ranar zai nuna ba. Bayan kwanaki ne za ka ga waya tana caji tana saki, ko tana zafi, ko ta ce akwai danshi a bakin caji.

Masu manyan wayoyi, ku ma kada ku ce ai tawa IP68 ce. Wannan lambar tana nufin an gwada wayar da ƙura da kuma nutsewa a ruwa mai tsabta wanda yake kwance. Abin da ke tare ruwan ba komai ba ne illa gam da roba da wata siririyar raga a bakin maik da lasifika. Iskar kwamfiresa tana iya yaga ragar nan, ka ci gaba da yawo kana alfahari da kariyar da ta riga ta tafi. Kamfanin Apple ya rubuta ɓaro-ɓaro a shafinsa na taimako cewa kada a tsabtace iPhone da matsattsiyar iska, kada a busar da ita da iskar ko da zafi in ta jiƙe, kada kuma a tura ta cikin shinkafa.

YADDA MASANA'ANTU SUKE YI

Abin da ya ƙara buɗe mini ido shi ne da na karanta yadda manyan masana'antu ke kula da iskarsu. Su a wurinsu matsattsiyar iska kamar wuta da ruwa take, ba ta aiki ya tsaya. Kamfanin siminti, irin na Kalambaina a Sakkwato, da ita ake kakkaɓe buhunan tace ƙura da motsa bawul-bawul. Robar ruwa da ta lemo da muke sha, da iska mai ƙarfin da ke kaiwa ba 40 ake hura ta ta zama kwalba, ma'ana iskar ta taɓa cikin abin da za ka kai baki. Na'urar iskar oksijin ta asibiti, wadda aka yi ta nema a 2020 lokacin korona, ita ma matse iska take yi ta bi da ita ta cikin wasu ƙwayoyi masu tace ta, kuma danshi ne babban abin da ke kashe ƙwayoyin.

Saboda haka aka yi wa iskar doka. Akwai ma'auni na duniya mai suna ISO 8573-1, wanda ya fara fitowa a 1991, aka sabunta shi a 2010. Abubuwa ukun nan da na lissafa su yake aunawa: ƙura, ruwa, mai. Kowanne an ba shi aji, ƙaramar lamba ita ce mafi tsabta. A ɓangaren mai, aji na 1 bai yarda a samu fiye da miligiram 0.01 a mita ɗaya ta iska ba, aji na 4 kuma ya kai miligiram 5. A ɓangaren ruwa ana duba sanyin da iskar za ta kai kafin ta fara raɓa: aji na 4 digiri 3 ne, aji na 2 kuwa sai digiri 40 ƙasa da sifili. Ƙurar da suke ƙirgawa tana farawa daga maikiron 0.1, alhali kaurin gashin kanka kusan maikiron 70 ne.

Ba rubutawa kawai suke yi su ajiye ba. Bayan kwamfiresa akwai na'urar sanyaya iska, akwai mai raba ruwa, akwai injin busarwa, wani mai aiki kamar firij, wani mai ƙwayoyin shan danshi 'yan uwan waɗanda kake gani a ƙaramar leda cikin kwalin sabon takalmi. Sai filtoci jere, sai na'urorin da ke auna danshi dare da rana, su yi ƙara in abu ya canza. A irin wannan tsari aka haɗa wayar da ke hannunka, ko Tecno ce ko Samsung. Sai ta iso Illela, a miƙa ta ga tankin da rabon a zubar da ruwansa tun bara.

"AI NI NA SHA YI, BA ABIN DA YA FARU"

Na san wani zai rubuta wannan a kwament, kuma ban ce ƙarya yake yi ba. Sau da yawa tana yi. In audugar aljihu ce ta toshe bakin caji, iska na iya fitar da ita, waya ta kama caji, ka tafi kana murna. Amma caca ce. Wanda ya tsallaka titi ido rufe sau biyar lafiya, ba shi ke nuna dabarar tana da kyau ba. Ku kuna ganin wadda ta tsira ne, mu masu gyara mu ake kawo wa wadda ba ta tsira ba. Kuma da yake tsatsa a hankali take aiki, mai wayar ba ya ma haɗa lalacewar da busar da aka yi makonni baya.

Wani kuma zai ce, ai kai mai gyara ne, kasuwa kake nema. Wallahi in don kuɗi ne, shiru ya fi mini riba. Wankin bakin caji ɗan abin da ake biya ne, wani lokacin ma kyauta nake yi wa wanda na sani. Canjin fanel da maik shi ke kawo kuɗi. Amma in baban fanel ne ya tafi, ka yi wa mutum bayanin cewa hotunan 'ya'yansa da lambobin abokan cinikinsa na Nijar sun tafi, ba daɗi. Mu nan bakin iyaka waya ita ce shago. Layi biyu ne a ciki, na nan da na can, ga manhajar banki, ga lissafin bashi. An rufe boda a 2019, an sake rufewa a 2023, kowa ya ga yadda ciniki ya koma cikin waya. Abin da ke riƙe da abincinka bai kamata ka yi caca da shi don gudun ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Kuma don Allah kada a fahimce ni ba daidai ba, ban zargi masu faci ba. Sana'arsu taya ce, ita kuwa taya ba ruwanta da ɗan ɗigon mai. Mu ne muke kai musu aikin da ba nasu ba, su kuma su taimaka don kunya.

TO ME ZA KA YI IN WAYA TA ƘI CAJI?

1. Fara gwada wata waya ta caji da wani kan caja. Sau da yawa matsalar a nan take ƙarewa.

2. Kashe wayar, ka haska bakin cajin da tocila. In ka ga auduga ko ƙasa ta daskare a ciki, sami tsinken sakace na itace ko na roba, ka fere shi ya yi siriri, ka riƙa yakutowa a hankali ta gefe-gefe. Kada ka danne harshen da ke tsakiya.

3. Kada ka sa allura, fil ko reza. Ƙarfe yana haɗa wuta, yana kuma kankare ƙafafun.

4. Ragar lasifika, busasshen buroshin haƙori mai laushi ya ishe ta. Ka kifa wayar yadda dattin zai zubo ƙasa. Ramin maik kuwa kada ka tura masa komai.

5. In iska kake so, nemi 'yar robar nan da ake matsawa da hannu, irin ta masu gyaran agogo da kyamara. Ba mai, ba tanki, ƙarfinta daidai. Busawa da baki ma ka rage, numfashi danshi ne.

6. Gwangwanin feshin iska da ake sayarwa don kwamfuta, ka sani ba iska ce a ciki ba, gas ne, yawancinsa yana kama wuta, in ka juya gwangwanin kuma ruwa mai tsananin sanyi yake fesowa. Nesa da maik.

7. In ruwa ta shiga, kashe ta, kada ka jona caji, ka ɗan bubbuga ta a tafin hannu bakin cajin yana kallon ƙasa, ka ajiye ta inda iska ke kaɗawa. In ba ta dawo daidai ba, kai wa mai gyara da wuri.

8. Rigakafi ya fi magani. Da hunturu ko ranar kasuwa, ɗan murfin roba na bakin caji yana rage wahala, haka ma kakkaɓe aljihu kafin a sa waya.

SAƘO GA 'YAN UWANA MASU GYARA

Mu ma ba mu tsira ba. Duk mai injin manna gilashin sikirin da tukunyar cire kumfa, da kwamfiresa yake aiki. In iskarka da datti, kai ma mai faci ne a cikin shago. Abu huɗu nake roƙo. Ka zubar da ruwan tanki kullum kafin ka rufe shago. Ka sa filta mai raba ruwa da mai rage ƙarfi a bakin layin, ka riƙa duba kofinta. Ka wanke ko ka canza filtar zuƙa, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In za ka sayi sabo, nemi wanda ba ya shan mai, amma ka tuna shi ma yana tara ruwa.

Ga kuma gwajin da ba ya cin ko sisi. Sami farar takarda ko farin ƙyalle mai tsabta, ka riƙe kamar kamu ɗaya daga bakin tiyo, ka sake mata iska na minti ɗaya, sannan ka duba a haske. In ka ga jiƙa, ko tabon mai, ko baƙin ɗigo-ɗigo, wannan iskar ba ta kusantar waya. Ba ni na ƙirƙiro ba, masu fentin ƙarfe a manyan ayyuka haka suke gwada iskarsu kafin su fara feshi, har lamba gare shi a ma'aunin Amurka, ASTM D4285. Mu da ba mu da kuɗin na'urar auna danshi, takarda dai ba ta fi ƙarfinmu ba.

Dattijon nan da zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaro, ashe iska ma tana da dauɗa?" Na ce, "Sosai ma, Baba." Ya girgiza kai ya ce zai gaya wa yaran gida.

Kai ma ka gaya wa na gidanku. Wanda ya taɓa kai wayarsa aka busa, ya faɗa mana a kwament yadda ta kaya, ko ta tsira ko ba ta tsira ba, duk muna son ji. Masu gyara kuma ku gwada takardar nan ku turo hoton abin da kuka gani. A tura wa wasu don su amfana.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya sa albarka a sana'o'inmu. Amin.